Kwabo a Kan Allura

Faifai goma sha ɗaya Baba ya bari
cikin akwatin kwano, ƙarƙashin buzun salla.
Biyu sun lanƙwashe da zafin bazara
kamar masar da aka manta cikin tanda.
Garmahon kuwa mun sayar da shi
shekarar da rufin soro ya zuba.
Ni na ɗauke shi a ka zuwa kasuwa.

Ran Laraba na sauka Tsohuwar Kasuwa,
rumfar Arzika mai gyara, daura da dukawa.
Yana zaune cikin hanjin rediyoyi,
dalma na hayaƙi, tabarau ɗaure da zare.
Ya ce, "Ga su nan biyu, kak ka yi gaggawa.
Wanga ya girme ka. Icce na, ba roba ba.
Wata ukku ina hwama da shi.
Bel ɗin daga tayar besfa niy yanko,
allura ta zo daga Ƙwanni cikin kwalin ashana,
gidan zanzaro biyu nih hidda cikinai.
Wancan ko jiya-jiya yah hito kwali,
shina magana da waya, shina cin caji,
ko an ɗauke wuta bai san an yi ba."

Saudatu ta ja mini hannun riga:
"Baba, sabon. Tsoho kullum jinya."

Na miƙa faifan da kwalinsa ya ci mai.
Tsohon ya juya da nauyi, kamar raƙumi zai tashi,
sai ƙara ta fara, tas, tas,
irin ta gyaɗa cikin yashi mai zafi,
sannan gurmi, sannan muryar nan
mai kaushi kamar tafin manomi.
Na san inda za a je. Na riƙe numfashi.
A baiti na uku allura ta yi tsalle.

Arzika ya kai hannu ga sukuddireba.
Na ce bar shi.
Nan ne Baba ke ɗora kwabo a kan allura,
kwabon bai taɓa hana ta tsalle ba,
nan ne yake gyaran murya, ehem,
ya cike ramin da kansa,
mu kuma mu ci gaba da cin tuwo.

Muka sa wa sabon.
Shiru tukuna, tsaf, kamar ɗakin asibiti.
Ya zo baiti na uku
ya taka ramin ya wuce, ko gezau.
Shekara arba'in ina zaton
wata babbar magana ce ta faɗa ciki,
wasiyya, ko habaici ga wani mai rawani.
Ashe cewa ya yi,
"Mai jaki, tsaya in sha ruwa."

Na yi dariya har Arzika ya cire tabarau.
Sai kuma dariyar ta tsaya mini a wuya.
Waƙa ta cika, ba ta bar ko taki ɗaya ba
inda mutum zai yi gyaran murya.

Muka yi ciniki har kiran la'asar.
Ya rantse da wahalarsa, na rantse da aljihuna,
albarka, albarka, sannan ya sallama.
Ya ce, "In bel ya saki, ka maido.
In ba ni nan, yaro ya san hannu."

A keke na rungume shi bisa cinya,
duk rami sai in ɗaga shi kamar jinjiri.
Saudatu ta juya fuska ga titi
tun daga Marina har Runjin Sambo.

Mun iso gida babu wuta.
Na ajiye shi kan tabarma, na goge murfin,
na nemo tsohon kwabo cikin gwangwanin maɓallai.
Muna jira. Zafi bai sauka ba.
Can cikin duhu, daga bakin randa,
na ji ta tana rerawa ƙasa-ƙasa,
mai jaki, tsaya,
moɗa na bugun gindin randa.

Ban san sanda na yi gyaran murya ba.